Yadda zaka ɗauki bidiyon tafiyar mota a Saudiyya da wayar hannunka

Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna Jidda da Makka da Madina da sauran garuruwa. Duk lokacin ijaza, wato hutu, sai kaga guruf-guruf ɗinmu na WhatsApp sun cika da bidiyon tafiya, wannan ya hau Ɗa'if, wancan ya tafi ziyara Madina, wani ma har Abha, kuma maganar gaskiya yawancinsu basa kalluwa, minti bakwai na kwalta da bayan tirela, iska na ta dukan makirfo, hoto na rawa kamar ana tankaɗe. Abin yana damuna ne saboda na san waɗanda ake turawa. Inna ce a Kano, ko Baba a Damagaram, ko ƙanwa a Gusau, da suka sa data da kuɗinsu dan kawai su ga ƙasar da ɗansu yake zaune su ji muryarsa. Sun cancanci a yi musu abu mai kyau, kuma wallahi wayar da ke hannunka ta isa, ba sai ka je shagunan Jarir ko Extra ka zubar da albashi akan kyamara ba. Abubuwan da ke ɓata aikin a ƙasar nan sanannu ne, zafi ne da gilashi da iska da girgiza, sai kuma rashin sanin doka wanda shi yafi kowanne haɗari.

Toh bari in fara da dokar. Direba baya ɗaukar bidiyo, wannan babu ja a ciki. Kyamarorin Sahir na kan titi suna kama mai riƙe waya da hannu yana tuƙi, tarar daga riyal 500 ce zuwa 900, saƙo kawai zaka gani ya shigo kuma ka tarar da ita a manhajar gwamnati ta Abshir tana jiranka. Balle hanyar Hijira ta Makka zuwa Madina da akwai wuraren da gudun da aka yarda ya kai kilomita 140 a awa, a wannan gudun kallon waya na daƙiƙa ɗaya mota ta ci kusan mita 40 ba ka ga gabanka ba. In kai kaɗai ne a motar ka maƙala wayar a mariƙi ka kunna tun kafin ka tashi, kar ka sake taɓa ta sai ka tsaya. In da abokin tafiya, aikin nasa ne.

Sai ɗaukar mutane. A gida mun saba, ka ɗaga waya a kasuwa ka ɗauki kowa babu mai ce maka komai, nan ba haka bane. Dokar laifukan intanet ta 2007 ta ce wanda ya keta sirrin wani da kyamarar waya yana iya fuskantar ɗauri har shekara ɗaya ko tara har riyal 500,000, sannan ƙa'idar zauƙul am, wato ladabin zama cikin jama'a, da aka fito da ita a 2019 ta sa tarar riyal 1,000 akan ɗaukar mutane ba izininsu, haka ɗaukar haɗarin mota, in ka maimaita ta ninka. Dan haka in ka tsaya a istiraha, wato wajen hutawar matafiya, iyalai sun shimfiɗa darduma suna cin abinci, musamman mata, juya wayarka wani gefen. In kun zo wajen taftish, wato shingen bincike, a sauke waya tun daga nesa, a ɗora ta a cinya, kar askari ya ga kamar shi ake ɗauka. Gine-ginen gwamnati da na soja ma haka. Mu baƙi ne, iƙama ce, wato takardar izinin zama, ke riƙe da mu, bidiyon minti ɗaya bai kai ya ja maka magana da kafili mai ɗaukar nauyinka ko da 'yan sanda ba. Jirgin nan mara matuƙi kuwa da ake ɗaukar hoto daga sama, sai da rajista da izinin hukumar jiragen sama ta GACA, in baka da su kar ma ka saya. Mai son ya riƙa sa talla a bidiyonsa shima ya bincika tukuna, tun 2022 talla a soshiyal midiya sai da lasisi. A Harami kuma dan Allah a bar mutane su yi ibada, kar ka tsaya tsakiyar masu ɗawafi kana juyi da waya.

Yanzu saitin waya, kuma a gida ake yinsa daren tafiya. Ka shiga saitin kyamara ka sa 1080p akan 30 fps, wato hoto 30 a kowace daƙiƙa. Na san hannu yana son zuwa 4K saboda sunan, amma duba lissafin da iPhone kanta take nuna maka a wajen saitin: minti ɗaya a 1080p 30 kusan MB 60 ne, 4K 30 kusan 170, 4K 60 kuwa kusan 400. Wato a 4K 60 minti goma sun cinye maka GB 4, wayar ta ɗau zafi, kuma a ƙarshe WhatsApp zai matse shi ya koma yadda bai kai 1080 ɗin ba. In na YouTube ne da za'a kalla a talabijin, toh 4K 30 yana da amfani a wuraren da suka cancanta, saman dutse, bakin teku. Akwai abu ɗaya da masu zuwa da kyamara daga gida basa lura, wutar lantarkin Saudiyya 60 Hz ce, ta Najeriya da Nijar da Sudan 50. In kyamararka tana kan 25 ko 50 fps zaka ga fitilun mahaɗɗa, wato gidan mai, da na cikin ramukan dutsen Makka suna ƙyaftawa a bidiyo. Mayar da ita 30 ko 60, a kyamarar GoPro akwai wajen da aka rubuta 60Hz ka zaɓe shi, shikenan.

Ka yanke shawara tun farko, a tsaye zaka ɗauka ko a kwance. Sitatus da TikTok a tsaye, YouTube a kwance. Ni dai hanya a kwance nake ganin ta fi, saboda dutse da sahara faɗi ne da su, amma ko wanne ka zaɓa ka tsaya a kansa har ƙarshen tafiya, cakuɗa su shi ke sa editin ya zama wahala.

Zafi. Nan ne ya kamata a daɗe, dan shi ke kashe mana aiki fiye da komai. Kamfanin Apple ya ce wayarsu an yi ta ne ta yi aiki tsakanin digiri 0 zuwa 35, sauran wayoyin ma kusan haka ne, mu kuma Makka da Madina a watan Yuli da Agusta sama da 45 ba labari bane, balle bayan gilashin gaba da rana ke duka kai tsaye. Ka haɗa rana da caji da Google Maps da kyamara duk a lokaci ɗaya, kafin ku kai Bahra daga Jidda allon ya dusashe, can sai ta rubuto maka ta yi zafi ta kashe kyamarar da kanta. Abin yi shi ne ka cire mata kes, ka rage hasken allo, ka bar taswira a wayar wani, kar ka yi caji kana ɗauka in ba dole ba, ka juyo da ramin esi ɗaya ya riƙa hura bayanta. In ta riga ta yi zafi ka kashe ka ajiye ta a inuwa gaban esi, kar ka jefa ta cikin kula mai ƙanƙara, sanyin gaggawa yana tara mata raɓa a ciki. Fawa bank kuma kar a bar shi cikin mota a rufe da rana, kumbura yake yi, wani har wuta. Wanda ke son kyamarar dashbod mai ɗauka kullum ya tambayi mai shago wadda ke da kafasita a madadin batir, ita ce ke jure zafinmu, ya sa mata memori irin mai juriya da aka yi dan ɗauka dare da rana, ya kuma saya a shago sananne dan jabun memori ya yi yawa, a rubuta GB 256 a jiki ka cika 30 ya fara cinye bidiyo.

A Jidda da Yanbu akwai wata matsalar daban, laima. Ka fito daga mota mai sanyi a bakin Kornish ko Ubhur sai idon kyamara ya yi fari da gumi. Kar ka yi ta goga, ka ba ta minti biyu ko uku ta saba da iskar waje zai washe. Goge idon kyamara kuwa kafin kowace ɗauka wajibi ne, rabin bidiyon da muke gani kamar an ɗauka cikin hayaƙi maiƙon yatsa ne kawai, an ci mandi an riƙe waya. In an yi ƙura ka fara hurewa da baki sannan ka goge da ƙyalle mai laushi, yashi yana karce gilashi.

Gilashin mota shi ma a wanke shi ciki da waje a mahaɗɗa kafin a ɗau hanya. In kana ɗauka ta gaba zaka ga hoton dashbod da kwalin tishu da carbi duk sun fito a jikin gilashi, maganinsa ka kwashe tarkacen ka shimfiɗa baƙin ƙyalle akan dashbod, ka kuma matso da wayar dab da gilashin ba tare da ta taɓa shi ba. Sannan ka danna yatsa akan titi can nesa ka riƙe har ta kulle haske da fokas, in ba haka ba wayar zata yi ta kama ɗigon ƙurar gilashi tana sakin hanya. Kar ka ja zum da yatsu biyu, a mota zum yana ninka girgiza ne, ka tsaya a 1x. In zaka nuna mutanen cikin mota 0.5x yana kwashe kowa, amma da rana, da dare hotonsa ya cika dishi-dishi.

Riƙon hannu kuma, hannu biyu, gwiwar hannu a manne da haƙarƙari, kar ka jingina wayar ko hannunka da ƙofa dan duk rawar mota ta nan take shigowa. Gimbal, wato mariƙin da ke hana waya rawa, irin Osmo Mobile yana taimakawa in kana tafiya da ƙafa, amma a cikin mota akan titi mai santsi wayoyin yanzu suna iya riƙe kansu. Masu babur ne ya kamata su kiyaye, Apple da kansu sun yi gargaɗi cewa girgizar injin babban babur tana lalata abin da ke daidaita hoto a cikin kyamarar waya, dan haka a babur GoPro ko irinta ake ɗaurawa.

Wani abu da zai canja maka bidiyo gaba ɗaya kuma kyauta ne, sanin inda rana take. Mai ɗauka yana zaune a dama. In kun nufi Madina daga Makka ko Jidda arewa kuka fuskanta, tagarka tana kallon gabas, dan haka da safe rana a idon kyamara take, komai baƙi zai fito, amma bayan la'asar ta koma bayanka, duwatsun nan da baƙaƙen duwatsun harra su fito da launinsu. A dawowa kuma tagarka yamma take kallo, safiya ce taka, in kuma magariba ta riske ku a hanya ka samu faɗuwar rana a saitinka. Daga ƙarfe 11 zuwa 3 na rana hasken fari ne fat, sama fari ƙasa fari, ka huta kawai ka bar wayar ma ta huta. Hanyar Madina kilomita sama da 400 ce, babu mai kallon wannan duka. Ka ɗauki daƙiƙa goma-goma, allon da aka rubuta saura kilomita kaza, raƙuma a bayan shingen waya, shayin da aka zuba a istiraha, sai ka sa taimlas na minti biyar ko goma inda titi ya miƙe, zai dunƙule ya koma 'yan daƙiƙu yana gudu gwanin sha'awa.

Hawan dutsen Hada na hanyar Ɗa'if kuwa shi ne inda zaka kashe batirinka da memorinka, ka tanade su dominsa. Daga Makka da bata wuce mita 300 daga teku ba zaka hau har kusan mita 2,000, titi na nannaɗe dutse kwana bayan kwana, kunne na toshewa, iska na canjawa tana sanyi. Tunda gabas aka nufa, bayan la'asar ya fi. Ka fara ɗauka tun daga ƙasa wajen da ake kira Kar inda dutsen yake tsaye a gabanka, dan mai kallo ya san abin da za'a hau. A cikin kwanoni kar ka bi titi da hannu, ka riƙe wayar cak ka bar motar ta juya da kai, kwarin zai shigo hoto da kansa ya fita. In an samu wajen tsayawa da aka tanada sai a faka, ka sauko, ka dafa wayar akan katanga ko rufin mota ka ƙirga goma baka motsa ba, motoci ƙanana can ƙasa suna bin kwana, motar igiya ta telefirik na wucewa ta sama. Birai kuma suna nan, gwaggon biri ne manya, suna hawa kan mota suna leƙa taga. Ka ɗauke su ta bayan gilashi a rufe, kar ka miƙa hannu da waya waje kuma kar yara su riƙe leda ko ayaba, fizge suke yi kuma suna cizo. Wani lokacin gajimare yana saukowa ya rufe dutsen har a rufe hanyar a mayar da mutane ta hanyar Sail, dan haka a duba sanarwa kafin a taso. In lokacin fure ne, wajen Maris da Afrilu, ku kwana ku yi sammako gonakin wardi na Hada ko Shafa, da sassafe ake tsinka, ka nemi izinin mai gona, ka matso kusa ka ɗauki hannu yana tsinka yana jefawa a kwando. A dawowa mai niyyar umra zai tsaya miƙati a Wadi Muhrim, ka ɗauki masallacin daga waje ya isa, mutane na canja kaya a wajen.

Murya ita ce rabin aikin, ni a wajena ma ta fi rabi, dan Inna zata yafe hoto mai ɗan duhu amma in bata ji me kake cewa ba an yi asara. Taga a buɗe mota na gudu babu makirfon da zai tsira, a rufe taga, a rage fankar esi, a kashe rediyo. Waƙar da ke tashi a mota ma matsala ce, YouTube da Facebook suna gane ta su toshe muryar bidiyon ko su sa masa takunkumi. In a waje kake ka juya wa iska baya ka kare ƙasan wayar da tafin hannu, ko ka sayi ƙaramin makirfon nan na maƙalawa a wuyan riga mai gashi-gashi a kai, gashin shi ke shanye iska, kar ka cire shi dan kwalliya. Kuma ka yi magana kamar da mutum ɗaya kake yi. "Inna kin ga dutsen nan, shi ne Uhudu, can gefe maƙabartar shahidai ce inda Sayyadina Hamza yake." Wannan ya fi "barkanmu da warhaka masu kallo" sau dubu. Ka faɗi sunan wuri, ka faɗi ranar, ka bar direba da yara su sa baki. Wani lokacin kuma ka yi shiru ka bar kiran sallah ko ƙarar ruwan teku ta shiga ita kaɗai.

Masu sha'awar wasu abubuwan ma duk ƙa'idar ɗaya ce. Mai kiwon tattabaru a saman bene ya sa sulo moshin na 120 ko 240 fps lokacin da ya sake su, amma da rana dan yana son haske sosai. Masu ƙwallon dare su ɗaura waya a sanda mai ƙafa uku a gefen tsakiyar fili daga ɗan sama, a bar bin ƙwallo da hannu. Masu kamun kifi su sa wa waya igiya a wuyan hannu, su goge ta in sun dawo dan gishirin teku yana cin ramin caji. Masu fita kashta, wato shaƙatawa a sahara, su ɗauki hura wuta da gashin nama tun da sauran hasken magariba, in duhu ya yi sai fitilar mota daga gefe, kar a haska fuskokin mutane kai tsaye.

Duk daren da kuka sauka ka kwafe abin da ka ɗauka zuwa kwamfuta ko filash, Google kyauta GB 15 kawai yake bayarwa kuma da Gmail ɗinka ake rabawa, baya isa. Wajen haɗawa CapCut ko InShot ko VN duk sun wadatar. Ka jera su yadda tafiyar ta kasance, loda kaya a but, fita gari, hanya, tsayawa, isowa, kowane guntu daƙiƙa uku zuwa biyar sai inda ake magana ko inda wurin ya cancanci a tsaya a kalla. Ka yanke ba tausayi, tafiyar kwana biyu minti uku ko huɗu ta ishe ta. Ka rubuta sunan kowane wuri a ƙasa da haruffa manya dan tsofaffi su iya karantawa, ka bar walƙiya da juye-juyen nan na tsakanin hotuna. Lambar motar mutane da fuskar wanda ya faɗo ciki ba da saninsa ba ka dusashe su, duk manhajojin nan suna da wajen yin haka. In akwai iyalinka a ciki ka tambaye su kafin ka sa a fili, na guruf ɗin gida daban na TikTok daban, kuma gara ka bari sai kun dawo sannan ka ɗora, ba sai duniya ta san gidanka babu kowa ba.

Wajen turawa, in ka tura ta hanyar da aka saba WhatsApp zai matse shi, in kana so ya je yadda yake ka tura a matsayin dokumen, yana ɗaukar har GB 2. Amma ka tuna data da netwok ɗin wanda zai sauke. Ka fitar da kala biyu, babba a 1080p ka ajiye ko ka ɗora YouTube, ƙarami a 720p na mutanen gida, in ya wuce MB 50 ka raba shi gida biyu ka rubuta na ɗaya da na biyu dan kar su fara da ƙarshe.